Baje kolin ayyuka saura kwana 9 ga dunduniya na ciwo saboda boksin, ya zan yi?

Mai_Neman_Aiki:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, tambayar tawa ta ɗan cakuɗe amma ku daure ku karanta. Akwai taron baje kolin guraben aiki da za a yi nan da kwana 9, kamfanoni da yawa za su zo kowa da teburinsa, kuma tunda na gama karatu ban taɓa zuwa irin wajen ba. Ban san me ake ɗauka ba, CV kwafi nawa, me zan ce in na tsaya gaban mutum, ni da ko a waya aka ce gabatar da kanka sai bakina ya mutu.

Matsala ta biyu kuma, sati uku kenan da na fara motsa jiki irin na 'yan boksin saboda zaman gida ya ishe ni tunani ya yi min yawa. Kullum tsallen igiya da dukan buhu. Wallahi na ji daɗinsa har barcina ya gyaru, amma yanzu in na tashi da safe na taka ƙasa sai in ji kamar an soka min ƙusa a dunduniyar dama, in na ɗan zazzaga sai ya lafa. An ce min a wajen taron wuni ake a tsaye ana bin layi. Wani abokina ya ce tausa kawai zan dinga yi. Shin tausar na aiki kuwa? Ko in ajiye boksin ɗin gaba ɗaya? Au, na kuma sayi sabon takalmi sau-ciki na adana sai ranar.

Anti_Mai_Daukar_Maaikata:
Ƙanina kafin komai je ka ɗauko takalmin nan ka fara sawa yau ɗin nan, awa ɗaya ko biyu kullum ko a cikin gida ne. Na sha zama a bayan irin teburin da za ka je, kuma kafin rana ta raba za ka ga samari suna ɗingishi fuska a yamutse saboda sabon takalmi ya ci musu ƙafa, mutum yana maka bayanin kansa amma hankalinsa na ƙasa.

Sai maganar shiri. Masu shirya taron galibi suna fitar da sunayen kamfanonin da za su zo, ka nemo jerin ka zaɓi 5 ko 6 da suka dace da abin da ka karanta, ka shiga shafinsu na intanet ka ga me suke yi da irin guraben da suka buɗe. Ba abin da ke kashe min jiki kamar mutum ya gama bin layi ya zo ya ce min "to ku me kuke yi a kamfaninku?" Wanda ya fi wannan muni shi ne in na tambayi wane aiki kake so ka ce "ko wanne ma aka ba ni zan yi". Na san tsakani da Allah kake faɗa, amma ni ban san layin da zan ajiye takardarka ba, sai ta tafi cikin tarin da ba mai sake dubawa.

Gabatar da kai kar ya wuce sakan 30. Sunanka, abin da ka karanta, abu ɗaya takamaimai da ka taɓa yi da hannunka ko da aikin kammala karatu ne ko na sa kai, sai gurbin da kake so a wajensu, ka rufe da tambaya. Shikenan. CV shafi ɗaya ya ishi wanda bai daɗe da gama makaranta ba, ka buga kamar 15 ka sa a fayil kar ka ninke a aljihu, ka kuma ajiye PDF a waya. Kuma kar ranka ya ɓaci in aka ce maka je ka cike ta intanet, da yawa haka tsarinsu yake, ribar zuwanka ita ce ka san sunan wanda kuka yi magana da shi. Da ka bar teburin ka tsaya gefe ka rubuta sunan da abin da kuka tattauna, washegari ko jibi ka tura gajeren imel ka tuna masa, ko ka neme shi a LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki. Dabara ɗaya da nake ba ƙannena: kar ka fara da kamfanin da ka fi so, fara da wanda ko ba su ɗauke ka ba ba ka da asara, bakinka ya saki tukuna. Ka je da wuri kuma, mu ma mutane ne, zuwa yamma murya ta dushe.

Koci_Turmi_Uku:
Anti ta gama magana a ɓangarenta. Ni tambaya zan maka malam, a kan me kake tsallen igiyar, siminti ko? Kuma minti nawa? Don kusan duk sabon shiga haka yake, ya ga bidiyo ya kama tsalle kullum ba hutu, alhali ƙafar ba ta saba ba.

Ba sai ka daina boksin ba, igiyar za ka rataye har bayan taron. Ka koma naushin iska gaban madubi, jab (naushi miƙe da hannun gaba) da kuros (naushi miƙe da hannun baya) da huk (naushin da ke lanƙwasowa ta gefe), a tsarin da ake yi a ringi wato turmi ɗaya minti 3 sai hutun minti 1, ka yi turmi 3 ko 4 ba tare da yawan dira a kan yatsu ba. In za ka daki buhu ka naɗe hannu da bandeji, mai tsawon mita 4 da rabi ɗin nan shi ne daidai da hannun babba, ka sa safar dambe mai nauyin oz 14 ko 16 (oz shi ne ma'aunin nauyin safar). Masu dukan buhu hannu tsirara su ne ke fasa fatar gaɓoɓin yatsu, wani ma ya karya ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa in naushin ya sauka a karkace. Kuma don girman Allah kar ka yarda wani ya ja ka gwada ƙwanji a satin nan, ka je neman aiki da kumburarren ido me za ka ce musu? 😂

Kwana biyun ƙarshe ka huta gaba ɗaya, don tsamin jiki ba ranar da ka yi wahalar yake fitowa ba, tsakanin awa 24 zuwa 72 yake kai maƙura. Sannan tunda ka ce bakinka na mutuwa, yi amfani da agogon turmin. Duk hutun minti ɗaya ka faɗi gabatarwar nan ta sakan 30 da ƙarfi kana haki. Wanda ya iya faɗinta zuciya na bugawa bayan turmi, bugun zuciyar gaban tebur ba zai ruɗa shi ba.

Yar_Fisiyo:
Ba zan iya ce maka ga ciwonka ba tunda ban duba ƙafar ba, amma yadda ka kwatanta, zafi a takun farko da safe ya lafa in an yi tafiya, ya yi kama da ciwon jijiyar tafin ƙafa, wata faffaɗar jijiya ce mai kauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta tafi har gindin yatsu. In aka ɗora mata aiki farat ɗaya sai ta fara ƙorafi.

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Tausa na rage zafi ta saki wajen, amma ita kaɗai ba ta isa ba in kana ci gaba da abin da ya jawo ciwon. Ga yadda za ka yi: ka zauna ka ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ka kama yatsun ka ja su baya wajen ƙwauri har ka ji tafin ya ɗaure, ka riƙe kamar sakan 10 ka saki, sau 10, kuma ka yi shi tun kana bakin gado kafin ka taka ƙasa. Da dare ka shafa ɗan mai ka bi tafin da babban yatsa daga dunduniya zuwa gaba a hankali, minti 5 ya isa, kar ka danne daidai inda ke zafin da ƙarfi wai sai ka ji a jikinka. Ko ka murza ƙwallon tenis a ƙarƙashin ƙafar, ko robar ruwa da ta daskare a firiza kamar minti 10. Abin da mutane ke mantawa shi ne dambubu, in ya ɗaure yana jan agara ita kuma ta ja dunduniya, don haka ka dafa bango ka miƙe ƙafar baya dunduniya a ƙasa sakan 30, sau 3. Ka daina yawo ba takalmi a kan tayil.

Masu cewa in an danna wani waje a tafin ƙafa hanta ko ƙoda za ta warke, ni dai ban ga hujjar da ta tabbatar da haka ba, daɗi ne kawai ake ji. Sai gargaɗi: in kana da ciwon suga ko ƙafar na dindiris kar ka sa ƙanƙara sai ka ga likita. In kuma dambubu ɗaya ya kumbura ya yi zafi kar ka taɓa shi da sunan tausa, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiyar jini, asibiti kai tsaye. Haka in ka kasa taka ƙafar gaba ɗaya. Kuma kar ka sa ran zai tafi cikin kwana 9, irin wannan yakan ɗauki watanni, sauƙi dai za ka samu.

Mai_Neman_Aiki:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Koci ka kama ni, a kan siminti nake yi kuma da silifas, minti 20 kullum 🙈 Anti na sa takalmin yanzu haka, gaskiya ya ɗan matse ni a baya. Jerin kamfanonin ma na samu, guda 4 ne kawai suka dace da ni, ko in ƙara da wasu?

Anti_Mai_Daukar_Maaikata:
Huɗun sun isa in ka san su da kyau, ka ƙara ɗaya na gwajin baki. Takalmin kuma in ya kai kwana uku yana matsa ka, goge tsohon ka sa abinka, ba mai leƙa ƙarƙashin tebur. Ka jefa filasta biyu a aljihu.