Laka ta cike mana hanyar ruwa, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa manoma. Ina noman rani a yankin Kura da ruwan madatsar Tiga, gonata can ƙarshen layin ruwan. Mun yi gayya mun yashe ƙaramar hanyar ruwanmu da shebur kafin dashen tumatir, amma ko wata 2 ba a yi ba laka da yashi suka sake cike ta. Ina zargin lakar da muke jibgewa a gefe ce ke komawa ciki, ga ciyawar kachala tana riƙe taɓo. Tumatirina har ya fara yaushi. Shin in muka haƙa rami a bakin mashigar ruwan, lakar za ta kwanta a can? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min zurfin da ya yi.