Leza tana raba mutum da gyambon baki ne, ko zafi kawai take kashewa?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Gyambon baki ne ya sa ƙanwata a gaba, farin nan mai jan gefe da ke fitowa a cikin leɓe ko ƙarƙashin harshe. Ya warke, bayan wata guda ya dawo. A wani asibitin haƙori an ce mata in aka haska masa leza, wato wani haske na musamman da na'ura ke fitarwa, ta rabu da shi har abada. Gaskiya ne?

Kawu: Wa alaikumus salam. 'Yata, neman kuɗi ne kawai. Ciwon da ke warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14 shi za a kunna wa na'ura? Ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ta rage yaji.

Dokta: Kawu, a gafarce ni, lezar kanta ba damfara ba ce. Tun 1967 wani likita a ƙasar Hungary, Endre Mester, ya lura cewa leza mai ƙaramin ƙarfi tana sa gashin ɓerayen da aka aske saurin tsirowa, daga nan aka shiga gwada ta a kan miki. Irin wannan ba ta ƙona nama, kumburi da raɗaɗi take ragewa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan gyambon baki sun nuna zafi yana sauka, sau da yawa nan take, mikin ma yakan rufe da wuri. Sai dai yawancinsu a kan mutane kaɗan aka yi su. Shi kuwa "har abada" ɗin nan, duk wanda ya faɗa ya wuce gona da iri. Gyambon da ya riga ya fito take yi wa aiki, ba ta hana na gobe fitowa.

Ɗan Auta: Amma Dokta, ai hukumar NICE, mai tantance magunguna da hanyoyin jinya a Ingila, ta amince da ita tun 2018.

Dokta: Ta amince, amma don ciwon bakin da magungunan cutar kansa (ciwon daji) da gashin da ake yi wa cutar da na'ura ke jawowa. Wannan cuta daban ce, kada a haɗa su.

Kawu: To kun ji. Ku biya yau, wata mai zuwa ku sake biya.

Anti Nas: Kawu, Allah ya ƙara girma, kun raina ciwon nan. Mai gyambo uku a lokaci guda ko kunu ba ya iya sha, malamar makaranta kuwa magana ma gagarar ta take yi. In tana da hali ta sayi sauƙin mako guda, ban ga laifinta ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a haska mata leza ba a tambayi me ke dawo da shi ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ko na folik asid, ko bitamin B12, duk suna kawo shi, ga damuwa, ga haƙori mai kaifi da ke gugar kumatu. In kuma yana zuwa tare da miki a al'aura ko ciwon ido, sai a bincika cutar Behçet, mai kumbura jijiyoyin jini.

Maman Biyu: Anti, jinin al'adarta kam yana da yawa, kullum cikin jiri take.

Anti Nas: Kin gani ko? Awon jini za ta fara yi. Kafin sakamako ya fito, maganin shafawa na triamcinolone ko na kurkura irin chlorhexidine sun fi leza araha nesa ba kusa ba.

Kawu: Har yanzu ina kan gishirina.

Dokta: Gishiri ba ya cutarwa, Kawu, sai in ya sa an zauna a gida da mikin da ya wuce mako 3 bai warke ba. Wannan a kai shi a duba, domin kansar baki kan fara a haka, kuma bai kamata a haska masa leza ba kafin a san ko mene ne. Maman Biyu, ta duba jikin man goge bakinta, in akwai SLS, sinadarin da ke sa shi kumfa, ta gwada wanda babu, wasu yana rage masu yawan fitowar.