Tabo ko kanta? Neman sunan Hausa ga abin da asbestos ke bari a ƙirji

'Yan'uwa masu aikin fassara da ma'aikatan lafiya, kalmar da ta hana ni sakat a wannan makon ita ce "pleural plaques". Na ga an fassara ta da tabon huhu, kuma ban gamsu ba. Bari in faɗi dalili.

Abin ba a cikin huhu yake ba. Huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani mai ruɓi biyu: ɗaya manne da huhun, ɗaya shimfiɗe a cikin haƙarƙari, da ɗan ruwa a tsakaninsu don su riƙa sulɓi yayin numfashi. Idan mutum ya shaƙi ƙurar asbestos, wato wani ma'adini mai zare-zare da aka yi amfani da shi wajen gini da kare zafi, sai bayan shekara 20 zuwa 30, wani lokaci ma fiye, wasu wurare a ruɓin da ke jikin haƙarƙari su yi kauri su taurare, jefi-jefi. Yawanci ba ciwo, ba tari, sai an ɗauki hoton ƙirji don wata larura daban a gan su. To kalmar tantani dai ta zauna, da ma muna cewa tantanin kunne. Saura abin da ya fito a kansa.

Wani ya kawo kalmar miki, wani kuma gyambo. Duka biyun rauni ne a buɗe mai zafi, ba su dace ba. Tabo ya fi kusa, amma ina so mu adana shi ga cutar da Turawa ke kira asbestosis, inda naman huhun kansa ne ya lalace har numfashi ya gagara. Wannan ita ce tabon huhu na asbestos.

Ni shawarata kanta ce. Kantar tantanin huhu. Dubi tafin hannun maƙeri: fata ce da ta taurare a wuri guda, ba ta ciwo, amma kowa ya gan ta ya san aikin da mai ita ya yi. Haka wannan take. Waɗanda aka fi samu da ita a Birtaniya su ne tsofaffin maƙeran jiragen ruwa irin na bakin kogin Kilaid a Gilasgo, da masu naɗe bututun zafi, da masu gyaran famfo da lantarki, har da matan da suka yi shekaru suna kakkaɓe kayan aikin mazajensu kafin wanki.

Wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni da magana mai nauyi. Ta ce, "Malam, kanta da kansa, wato cutar daji, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Ka faɗa wa dattijo yana da kantar tantanin huhu, abin da zai ji shi ne kansa." Gaskiyarki, Hajiya, kuma ban yi wannan tunanin ba. Ga shi akwai muguwar cutar da asbestos ke haddasawa a wannan tantanin dai, wato mesoteliyoma. Mafita a ganina: a wannan fanni mu bar kansa gaba ɗaya, mu ce sankarar tantanin huhu. Kantar ba ta rikiɗewa ta zama sankara, shaida ce kawai cewa ƙurar ta shiga jiki, kuma shigar ƙurar ce haɗarin.

Bayan kanta da tabo da sankara, akwai ta huɗu, inda kaurin ya mamaye fili mai faɗi har ya ɗaure huhu ya hana shi buɗewa. Wannan kaurin tantanin huhu ya ishe ta.

Abin da ya sa na dage a kan rarrabewar nan shi ne diyya. A watan Oktoba na 2007, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke cewa kanta kaɗai ba rauni ba ne da za a biya diyya a kansa, ko da mutum na kwana da fargaba. Majalisar Sikotilan ta ƙi yarda, ta yi dokarta a 2009 ta maido da haƙƙin. Kamfanonin inshora suka kai ƙara, suka sha kaye a 2011, shekarar da Ailan ta Arewa ma ta yi irin wannan doka. A Ingila da Wels hukuncin na nan, sai dai waɗanda suka riga suka fara neman diyya kafin a yanke shi an ware musu fam 5,000 kowanne. Amma mai kauri, ko tabo, ko sankara, yana da damar nema a duk faɗin ƙasar. Tafintan da ya haɗa su duka ya ce tabon huhu, zai iya sa wani ya sa rai a banza, wani kuma ya haƙura da haƙƙinsa.

Abu ɗaya ke damuna da kanta: kada ta sa a raina abin. Ta hannu tana gushewa in an bar aiki, wannan kuwa ta zauna ke nan. Shi ya sa nake so kada a taɓa yanke mata wutsiya, a riƙa faɗin sunan a cike: kantar tantanin huhu ta asbestos. Hajiya, ki gwada ta a kunnen marasa lafiya ki dawo mana da abin da suka fahimta.