Hayar ɗaki a Akara: ina zan dosa?

Tela daga Tamale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin ɗinki a Akara, zan taho da matata da yaro. Me ya fi cinye kuɗi a can?

Hajiyar Nima: Wa alaikumus salam ɗana. Haya ce. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6, amma masu gida na shekara 2 suke nema a dunƙule. Ka bar iyali a gida tukuna.

Direban trotro (bas ɗin haya): Ɗaki ya fi araha a Kasoa da ke wajen Akara, sai dai kuɗin mota da cunkoso za su cinye rarar. Duba unguwar Madina.

Ɗan Sabon Zango: East Legon kam da dala ake magana. Ka tambayi batun ruwa kafin ka biya, wasu unguwanni sai an sayi na tanka.