A goge manhajar ko a sa mata iyaka?

Yaya: Ga maganata, mai ja ya ja: duk mai son rage zaman soshiyal midiya, ya goge manhajojin daga wayarsa kawai. "Zan rage" yaudarar kai ce. An ƙera su ne don kar a ajiye su. Wannan shafin da ba ya ƙarewa, kana jan sa yana ƙara zubowa, Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya nuna nadama.

Auta: Yaya, ban yarda ba. A 2018 Jami'ar Pennsylvania ta yi bincike da ɗalibai 143. Ba a sa kowa ya goge komai ba. Wasunsu aka taƙaita wa minti 10 a rana a kowanne daga Facebook, Instagram da Snapchat, har mako uku, sai kaɗaici da ƙuncin rai suka ragu a wurinsu.

Yaya: Su ai ana sa musu ido, suna tura hoton allon wayarsu a matsayin shaida. Ke wa zai sa miki? Screen Time na iPhone, wanda ake sa wa manhaja iyakar lokaci da shi, tun 2018 yake, amma in lokacin da kika sa ya cika, dannawa ɗaya ta isa ki ɗage shi. Ƙarfe ɗayan dare, kai a kan filo, hasken waya a fuska, wa zai ƙi dannawa?

Goggo: To ni fa, da masu sayen kayana ta nan suke nemana? In goge in ci me? Ku yara kuna magana kamar kowa wasa ya kai shi.

Kawu: Tambayar Goggonku tana kan hanya. Shi ma barin gaba ɗaya an gwada shi. A Amurka a 2018, masu bincike sun biya mutane su rufe Facebook na mako huɗu. Sun samu kusan awa guda a kowace rana, sun fi zama da iyali da abokai, hankalinsu ya ɗan ƙara kwanciya. Amma an tarar sanin labaran da ke faruwa ya ragu a wurinsu. Kowane ɓangare da abin da ake rasawa.

Auta: Shi ya sa nake ganin a fara da kashe sanarwa, a bar kira da saƙon mutane kawai. Da dare kuma waya ta kwana a wani ɗakin, a nemi agogo don tashi.

Yaya: Wannan na karɓa. Goggo, ke ki bar manhajar da kike ciniki da ita. Amma TikTok da makamantansa, waɗanda ba mai nemanki a cikinsu, me ya hana su tafi?

Goggo: Su kam ba ni da hujja. Auta, in kin zo ki nuna min inda ake kashe sanarwar.