Fijo 504 tana shan ruwa, gilashi kuma yana gumi ta ciki: ta ina za a faro?

Malam_Bukuru:
Assalamu alaikum. Masana tsofaffin motoci, a taimaka. Fijo 504 ce salun, haɗin Kaduna. Tun da damina ta kankama kafet ɗin gaba ta gefen fasinja ba ya bushewa, kuma ruwa yana taruwa a kusurwoyin but. Da asuba gilashin gaba yakan yi gumi ta ciki, a goge ya dawo kafin a isa Terminus ta cikin Jos daga Bukuru. An ce a zagaye gilashin da silikon. Hakan zai yi, ko sai an canza robar gaba ɗaya?

Fanalbita_Farin_Gada:
Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye silikon ɗin nan tukuna. Irin wanda ake sayarwa don gilashin gini, mai warin tsami, yana fitar da asid yayin da yake bushewa, asid ɗin kuma yana cin ƙarfe a ƙarƙashin roba inda ido ba ya gani. Bayan haka fenti ba ya kama inda ya taɓa. Kuma ba a ma tabbatar gilashin ne ke yoyo ba.

Fara da cire kujerun gaba, ka ɗaga kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, ka shanya su a rana. Soson nan yana riƙe ruwa da yawa ko da saman kafet ya yi kamar ya bushe. In ƙasan motar ya bushe sarai, ka barbaɗa hoda a ƙasa da gindin ƙofofi da ƙarƙashin dashbod, don ruwa in ya bi ta kai zai bar sawu. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya a waje da tiyo, ruwan a hankali ba da ƙarfi ba. A fara daga ƙasa a hau sama: gindin ƙofa, gilashin ƙofa, ramin da ke gaban gilashi inda waifa take, sannan gilashin gaba, rufi a ƙarshe. Kowane wuri a ba shi kamar minti 5. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa komai lokaci guda, bai gano komai ba.

A irin wannan motar, na fi zargin ramin waifa. Nan iska take shiga zuwa fanka, kuma yana da magudanai da ganye da ƙurar hunturu suke toshewa. In sun toshe, ruwa ya cika ya malala ta hanyar iska ya sauka daidai ƙafar fasinja. Zura waya mai laushi ka buɗe su, ka zuba ruwa ka ga ya fita ta ƙasa. In tsatsa ta riga ta huda ƙarfen wurin, walda ce maganinsa, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe. Fila, wato ƙullin cike lotsawar jikin mota, kan tsatsa ba ta wuce damina ɗaya ko biyu.

Ƙofa kuwa, dama ruwa yana shiga cikinta ta gefen gilashi, an yi mata ramuka a ƙasa don ya fita. Duba su. Sannan bayan allon ƙofa akwai leda da aka manna, wadda masu gyaran wainin gilashi suke yagewa su yar. A yanka leda mai kauri a mayar, ƙasanta ya faɗa cikin ƙofar. Robar ƙofa kuma gwada ta da takarda: rufe ƙofa a kanta ka ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta kwanta a nan.

But: soson bayan fitilun baya ne galibi, sai robar murfi.

Mai_AC_Dilimi:
Oga ya gama da yoyo, bari in taɓa gumin. Iska mai ɗumi da laima ce take taɓa gilashi mai sanyi, sai raɓa ta kwanta. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, safiyar Yuli da Agusta gilashi yana yin sanyi sosai, ga jiƙaƙƙen soso a ƙasa yana ta ba da laima. Kafet ya bushe, fiye da rabin gumin zai tafi da kansa.

Amma akwai abu ɗaya da za a raba. Hita tana da ƙaramin lagireto a cikin dashbod, wanda ruwan inji yake bi. In ya huje, shi ma kafet ɗin gaba yake jiƙawa, kuma gilashi ya fi yin gumi bayan inji ya yi zafi. Masu sa ruwan kulan, wato ruwa na musamman na sanyaya inji, za su ji ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, gilashin kuma ya yi maiƙo. Mu nan da yawa ruwan famfo muke zubawa, saboda haka ba za ka ji ƙamshi ba, sai dai ka ga ruwa mai launin tsatsa, kuma lagireto yana ta raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Wasu bakanikai sukan haɗa tiyo biyun na hita da juna su huta. Yoyo zai tsaya, amma ka rasa iska mai zafi da take busar da gilashi. A Kano ba komai, a Jos asara ce.

In kana tuƙi ya yi gumi: fanka a sama, iska ta fuskanci gilashi, a bar iskar waje ta shigo, a sauke gilashin ƙofa kamar yatsa biyu. In akwai AC mai aiki a kunna, ko ana sanyi, domin yana tsotse laima. A daina gogewa da tafin hannu, maiƙon hannu yana ƙara riƙe raɓa. A wanke cikin gilashin da sipirit da tsumma mai tsabta.

Malam_Bukuru:
Allah ya saka da alheri. Ruwan lagireto ba ya raguwa. Amma robar gilashin gaba ta tsattsage a kusurwar ƙasa. A saya sabuwa kawai?

Baba_Mai_Gilashi:
Ɗana, tsagewar waje ba kullum take nufin yoyo ba, yi gwajin tiyo tukuna. In ta tabbata nan ne, to a canza, sai dai a kula da abin da za a saya a Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota ta Jos. Robar da ta daɗe a shago tana bushewa ko ba a taɓa sa ta ba. Lanƙwasa ta a hannunka: in ƙananan tsaga sun bayyana ko ta ƙi komawa daidai, bar ta.

Wajen cirewa a yanka tsohuwar roba da wuƙa, kada a banƙare gilashi don a ceci robar da za a yar. Gilashi ya fita, a kankare tsatsar bakin ƙarfen, a shafa fenti mai hana tsatsa, a bari ya bushe. Yawanci a kusurwoyin ƙasa ake samun huji. Sai a sa roba a jikin gilashi, a cusa igiyar nailan mai kaurin milimita 4 zuwa 5 a cikin kwarin robar, bakinta biyu su haɗu a tsakiyar ƙasa. A shafa ruwan sabulu, ba man inji ba, don mai yana kumbura roba. Mutum ɗaya yana danna gilashin da tafin hannu daga waje, na ciki yana jan igiya sannu a hankali, dama kaɗan hagu kaɗan. A kusurwa ake fasa gilashi, nan ake rage sauri. In za a ƙara gam tsakanin roba da ƙarfe, a nemi baƙin nan na gilashin mota wanda ba ya daskarewa.

In motar ta taɓa ɗaukar kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a sama, a duba magudanar gefen rufi. Ƙafafun kariya suna fasa gam ɗin wurin, ruwa ya bi ginshiƙin gaba ya sauko, a ɗora wa robar gilashi laifi.