Wane suna za mu ba tunanin da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba?

Katikis (mai koyar da addini a cocin Katolika): Salama gare ku. Ina fassara wata 'yar takarda domin matasan cocinmu a nan Sakkwato, sai na cije a kan abin da Turawa ke kira intrusive thoughts. Wani yaro ne ya sa ni aikin, cikin masu taimaka wa Fada a bagade. Wata uku ke nan bai karɓi Jibin Ubangiji ba. Da na matsa masa, ya ce daidai lokacin da Fada ya ɗaga gurasa sai wata ƙazamar kalma game da Allah ta faɗo masa a rai, gumi ya keto masa. Sau huɗu ya je faɗar zunubi a mako guda. Ya kuma karanta Markus 3:29, inda aka ce mai saɓon Ruhu Mai Tsarki ba shi da gafara, ya yanke wa kansa hukunci. Na rubuta "mugun tunani" na goge, domin mugun tunani shi ne wanda mutum ya zauna ya ƙulla. Wannan yaron gudun abin yake yi. Ku taimaka min da kalma.

Malamin Hausa, maƙwabcinsa: Baba Katikis, mi za ya sa ku wahala? Kalma na nan tun kaka da kakanni: waswasi. Daga Larabci munka aro ta, tana cikin Suratun Nasi. Akwai ma hadisi cikin Sahihu Muslim, sahabbai sunka kai kukan suna jin abu cikin ransu da ba su iya ko furtawa, anka shaida musu cewa wannan jin nauyin nasu shi ne tsantsar imani. Likitocin Larabawa ma da wagga kalma suke kiran ciwon.

Katikis: Malam, na gode, kuma amsar da aka ba sahabban ta shige ni ƙwarai. Matsalata biyu ce. A bakin mutane waswasi ya zama kokwanto, mace ta ce tana waswasin ko ta kashe risho. Na biyu, da ka ce waswasi sai a tuno Shaiɗan, yaron nan kuwa ya riga ya gaskata Shaiɗan ya tare a cikinsa.

Wani ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo: Ni dai na ce tunanin gayyar soɗi. Ba a gayyace shi ba, ya zo ya zauna a kujerar gaba, har yana neman ƙarin nama. In kuma ana son a fito da abin sarai, a ce tunanin ɓatanci.

Katikis: Ɗana, ta farkon ta ba ni dariya, zan yi amfani da ita a baki in ina zantawa da yara. Ta biyun kuwa kada ma ka sake ta. Tun kisan ɗalibar da aka zarga da ɓatanci a garin nan a watan Mayun 2022, kowa ya san nauyin kalmar ɓatanci. Ba zan buga takarda da za ta sa yaro ya ce "ina da tunanin ɓatanci" wani ya ji rabin zance ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa saɓo yake cewa, a nan zan tsaya, shi ma a cikin bayani, ba a cikin sunan ba.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, ina ganin abu biyu ake haɗawa. Akwai tunanin kansa, wanda kusan kowa yana samu. Tun 1978 wasu masu bincike, Rachman da de Silva, suka nuna cewa yawancin masu lafiya ƙalau irin wannan na faɗo musu, su kaɗa kai ya wuce. Uwa mai jego takan ga kamar ta saki jaririnta a rijiya, alhali ta fi kowa sonsa. Sai kuma ciwon, wato lokacin da mutum ya tsorata da tunanin har ya shiga yi masa kaffara: maimaita addu'a sai ta fita daidai, komawa farkon carbin Rosari, tambayar Fada abu ɗaya kullum. Kowace kaffara tana kawo sauƙi na minti kaɗan, tana kuma koya wa ƙwaƙwalwa cewa abin nan haɗari ne, sai ya dawo da ƙarfi. Korar sa ma ba ta aiki. A wani gwaji a 1987, masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya hana mutane tunanin wata farar dabba, ita ce ta yi ta zuwa musu. Maganin da ake yi shi ne a koya wa mutum barin tunanin ya zo ya tafi ba tare da ya biya shi da komai ba, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. In ya hana yaron barci ko karatu, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba nisa. Don haka ku ba mu kalma biyu.

Wani Fada: Sista ta yi gaskiya, kuma Ikilisiya ta daɗe da sanin na biyun. Kalmar da muke amfani da ita ta fito daga scrupulus na Latin, 'yar tsakuwa mai kaifi, irin wadda ke shiga takalmi. Waliyyi Ignatius na Loyola ya sha fama da ita a garin Manresa na ƙasar Sifen a 1522, yana ta maimaita faɗar zunuban da ya riga ya faɗa. Baba Katikis, ka nuna wa yaron sakin layi na 1857 a Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika: babban zunubi sai abu uku sun haɗu, laifin ya zama mai girma, mutum ya san haka sarai, kuma ya yarda da gangan. Wanda tunani ke sa shi kuka ina ya yarda? Ya zaɓi Fada guda ya tsaya gare shi, in an ce masa kada ya sake kawo wannan maganar, ya bi. Shawarar Waliyyi Alfonsus ke nan ga irinsu. Ni da za a bi tawa, da an ce tsakuwar zuci.

Ma'aikaciyar jinya: Ranka ya daɗe, tana da daɗi, amma a asibiti wani zai ɗauka irin tsakuwar ƙoda ce, ya nemi a yi masa hoto.

Ɗalibin: To tunanin kutse fa? Yanzu kowa ya san masu kutse a waya da intanet.

Malamin Hausa: Yaro ka kusa, amma ka juya ta. In ka ce wane na tunanin kutse, ma'ana shi ne ke shirin kutsawa gidan mutane. Kutsen tunani za a ce. Nan tunanin ne ɓarawo, mai zuciya kuwa shi anka shiga wa gida. Amma Baba Katikis, ban janye waswasi ba. Ku ba ta ciwon.

Katikis: Na karɓa duka biyu. Kutsen tunani ga abin da ke faɗowa, ciwon waswasi ga halin da ya kai mutum ga maimaici, tunda kalmar ciwo a gaba ta isa ta nuna hanyar asibiti. Fada, tsakuwarka za ta shiga a matsayin misali. Layin farko yanzu ya zama: "Kutsen tunani ba zunubi ba ne, domin ba ka yarda da shi ba." Malam, in suna da yawa fa?

Malamin Hausa: Kutse-kutsen tunani. Ku aiko min da takardar in duba ƙugiyoyin haruffa kafin ku kai wurin bugawa.